Jinjina Ga Bashi, Sabon Uban Ɗakin Malaman Jinya

Gaishe ka Bashi, ɗan lelen gwamnati! Gaishe ka mai sallama da fara'a, mai bankwana da sammaci! Magabata sun ce kai hanji ne, kana cikin kowa, amma ko su ba su hango zamanin da za a yi maka doka, a buɗe maka ofis a Abuja, a naɗa maka shugabanni, a sa ka riƙa raka 'ya'yan talakawa makaranta ba. Allah ya ja zamaninka.

A ƙasar Katagum ba a ɓoye alheri. Wanda ya yi abin yabo akan faɗa a gaban jama'a, ko da zai ji kunya. Shi ya sa na ɗauki alƙalami a madadin mutanen Udubo, da na Gamawa, da sauran Guddirawa har zuwa Azare, don mu gode wa gwarzon da ya sauke nauyin karatun jinya daga kan hukuma, ya aza shi a wuyan yarinya 'yar shekara 18 da ubanta manomin gero. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ba kowa zai iya shi ba tare da hannunsa ya yi rawa ba.

Sai wanda ya san duhun da aka fito zai san darajar wannan haske. A tambayi tsofaffin nas-nas da suka yi ritaya a Azare, waɗanda suka karɓi haihuwar rabin garin, su faɗi irin ɓata tarbiyyar da aka yi musu. A zamaninsu gwamnati ce ke bin iyaye tana lallashi a ba ta yarinya ta koya mata aikin asibiti. A ba ta ɗakin kwana, a ba ta abinci, ƙarshen wata a miƙa mata alawus, in ta gama kuma takardar aiki na jiran ta. Shugabannin wancan lokaci suna da wani baƙon tunani: wai al'umma ce ke buƙatar nas fiye da yadda nas ke buƙatar al'umma, don haka al'umma ce ya kamata ta biya. Sakamakon wannan sakaci kowa ya gan shi. Matan nan suka zauna a garuruwansu shekara talatin da ɗoriya, suna allura, suna awo, suna kwana a kan mai naƙuda, ba wadda ta san hanyar filin jirgi. Haka suka tsufa ba su taɓa ɗanɗana ni'imar farkawa tsakar dare suna lissafin abin da ake bin su ba.

Alhamdulillahi, shekarar 2023 ta zo da gyara, kuma gyaran ya zo a tsare. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na hatsi suka tashi sama. Ranar 12 ga Yuni Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar ba ɗalibai rance. A cikin shekarar ta 2023 jami'o'in tarayya suka bi juna suna ninka kuɗin rajista, har a Jami'ar Bayero ta Kano sabon ɗalibin jinya ya wayi gari ana neman sa da sama da naira dubu 200. Hikima ke nan: a fara cinna wa rumbu wuta, sannan a fito da mudun rance ana jiran godiya. Da an bar rumbun, wa zai san darajar mai mudu?

Dokar farko ma abar tunawa ce. Ta ce sai iyalin da abin da suke samu a shekara bai kai naira dubu 500 ba, kuma sai ɗalibi ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, irin ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 zuwa sama, ko lauyan da ya shekara 10 yana aiki, ko alƙali. Wato ka zama matalauci na ƙin ƙarawa, amma abokan hirarka su zama manyan ma'aikata. Duk wanda ya san ƙauyukan da ke kewaye da Udubo ya san yadda lauyoyi masu shekara 10 ke zaune birjik a gindin kowace bishiya suna jiran wanda za su sa wa hannu. Da aka ga abin ya yi kyau da yawa, sai aka soke dokar, aka sa hannu a sabuwa ranar 3 ga Afrilun 2024, aka cire waɗancan sharuɗɗa, asusun ba ɗalibai rance, NELFUND, kuma ya buɗe shafinsa ranar 24 ga Mayun 2024. Yanzu abin da ake nema kaɗan ne: lambar NIN, da ta BVN, da ta JAMB, da takardar shiga makarantar gwamnati, da waya mai intanet, da sabis ɗin da zai tsaya har a gama cikewa.

Dole a faɗi gaskiya, wannan bashi ba shi da kuɗin ruwa. Makaranta ake tura wa kuɗin rajista kai tsaye, ɗalibi kuma a ba shi naira dubu 20 a wata ya riƙe kansa. Ba a fara karɓa sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa, sannan a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Akwai yaran da ba don shi ba da tuni sun tattara littattafansu sun koma gida, kuma ɗaliban Arewa na cikin waɗanda suka fi rububinsa, jami'o'in Maiduguri da Kano na sahun gaba. Masu mulki na nuna wannan rububi a matsayin shaidar ƙauna. Haka ne. Mai ƙishi ma yana ƙaunar ruwan kududdufi, kuma ba wanda ya isa ya ce ƙaunar ta ƙarya ce. Abin da ba a so a tambaya shi ne wa ya toshe rijiyar.

Mu dawo kan naira dubu 20, wannan dukiya da ake tsoron kada ta sa yarinya girman kai. A ce ga 'yar Udubo ta ci jarrabawa, ta samu gurbi a Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a Azare a 2021, ko a kwalejin jinya ta jiha da ke Bauchi mai ɗauke da sunan Aliko Dangote. A cikin dubu 20 ɗin za ta ci abinci kwana 30, ta sayi sabulu da ƙunzugu, ta ɗinka fararen kaya, ta sayi farin takalmi da abin awon bugun jini, ta buga takardun karatu, ta hau mota zuwa asibitin da aka tura ta koyon aiki, ta kuma ajiye canji saboda kuɗin rajistar hukumar jinya da na jarrabawar ƙarshe. In ta iya wannan, to ta cancanci digiri biyu, ɗaya na jinya, ɗaya na tattalin arziki.

A nan ne ma gwanintar Bashi ta fi fitowa. Ɗalibar jinya ba kamar sauran ɗalibai ba ce da ke zaune a aji suna rubutu. Rabin karatunta a ɗakin marasa lafiya take yin sa. Ita ce mai gyara gado, mai juya tsohon da ya kasa juyawa, mai kwashe amai da jini, mai auna zafin jiki da asuba, mai riƙe hannun mai naƙuda lokacin da nas guda ɗaya ke fama da gadaje ashirin. Duk wanda ya taɓa jinya a babban asibiti ya san da za a janye yaran nan masu koyon aiki rana ɗaya, da ɗakunan sun tsaya cak. Ka ga ke nan an samo wata dabara da ko fataken da ba su kai gare ta ba: mutum ya ci bashi don a ba shi izinin yi maka aikin dare kyauta, ya kuma gode.

Shi wannan bashi na gwamnati shi ne babban wa, mai kunya, mai sa riga. Ƙannensa da ke yawo a gari su ne ba a buga labarinsu. Gurbin makarantun gwamnati ba ya isa, ko da yake Ma'aikatar Lafiya ta sanar a 2024 cewa ta ƙara yawan ɗaliban da makarantun kiwon lafiya za su iya ɗauka daga 28,000 zuwa 64,000. Wadda ba ta samu ba sai ta nufi makarantar kuɗi, can kuma asusun gwamnati ba ya leƙawa. To sai ƙannen su shigo. Uba ya kai sa ɗaya cikin shanun huɗa kasuwa, damina ta zo ya riƙa neman aron na maƙwabci. Ya jinginar da gonar fadama. Ya je wurin mai sayen hatsi ya karɓi kuɗi a watan yunwa, a kan zai biya da buhunan riɗi ko wake da kaka, a farashin da mai kuɗi ya yanka da bakinsa. Uwa ta roƙi uwar adashi a ba ta ɗaukar farko, ta sayar da 'yan kwanukan da take tara wa ƙanwar yarinyar. Yaron da ya waye kuma ya latsa manhajar rance a waya, irin waɗanda hukumar kare masu sayayya ta tarayya ta kai wa samame a 2022 saboda tura wa dangin mutum saƙon tozarci. Duk wannan a kan sa rai guda: bari ta gama, komai zai dawo.

Ga kuma babbar kyauta ga wanda ya yi rashin sa'a ya faɗa makarantar da hukumar jinya ba ta amince da ita ba. Shi an yafe masa wahalar aiki gaba ɗaya. Sa ya tafi, gona ta tafi, shekaru sun tafi, takardar kuma ba ta da lasisi.

Bari mu yi lissafin wadda ta dace, ta samu na gwamnati mai sauƙi. Digirin jinya shekara biyar ne. A ƙaddara ta karɓi dubu 20 kowane wata, shekara ta kama dubu 240, shekara biyar naira miliyan 1 da dubu 200. A ƙaddara kuɗin rajista dubu 200 ne kuma bai motsa ba, ga wata miliyan 1. Ta fito da miliyan 2 da dubu 200 a wuya. In ta samu aikin dubu 100 a wata, ana cire dubu 10, sai ta yi wata 220 tana biya, wato shekara 18 da 'yan watanni. 'Yar da za ta haifa a shekarar farko ta aiki za ta isa shiga makarantar jinya daidai lokacin da uwar ke sauke nata, sai a miƙa wa 'yar sabon fom. Wace sarauta ce a ƙasar Hausa ta tsara gadonta da kyau haka?

Masu ilmin kuɗi za su ce ai tsadar rayuwa za ta cinye bashin da ba shi da ruwa, miliyan biyun yau ba ita ce ta shekara goma ba. Gaskiyarsu. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Sai dai bakin da ke cin bashin shi ne ke cin albashin, kuma da albashin yake fara karya kumallo.

Duk wannan ma in an samu aikin ke nan. Ƙasar da ke kukan ƙarancin nas ita ce ƙasar da nas ke yawo da takardu a jaka. A asibitocinmu akwai wata daraja da ake kira aikin sa-kai: mai lasisi ta zo da safe, ta yi aiki kamar kowa, wata ya ƙare kowa ya ji ƙarar waya ban da ita, a ce ta yi haƙuri, in an buɗe ɗaukar ma'aikata za a tuna da ita. Wata ta shekara biyu ana shirin tunawa. Wata ta koma asibitin kuɗi a kan abin da bai kai mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba. Wata ta zauna a kemis tana sayar da maganin zazzaɓi. Wanda ya gaji da jira kuma akwai 'yan kasuwar gurbi. A 2023 kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya zauna a bainar jama'a yana sauraron yadda ake sayar da guraben aikin tarayya da miliyoyin naira. Ka ga an samar wa Bashi aiki na biyu: wanda ya ci shi don ya yi karatu, sai ya sake cin sa don ya sayi aikin da zai biya na farko.

Wadda ta shiga ciki kuma ta iske gata. A ƙarshen Yulin 2025 ƙungiyar malaman jinya da ungozomomi ta ƙasa, NANNM, ta shiga yajin aikin gargaɗi a asibitocin tarayya. Cikin kokensu har da alawus ɗin kayan aiki, wanda a lokacin naira dubu 20 ne a shekara, kuma ya daɗe a haka. Mutanen da dole su sa farin kaya kullum, a wurin da jini ke fallatsa. Sun kuma nemi a gyara kuɗin aikin dare, a ɗauki ƙarin ma'aikata. Rashin godiya dai irin na ɗan Adam.

Babbar baiwar Bashi ita ce iya koyar da taswira. Yarinyar da ta tashi ba ta san ko'ina ba sai hanyar Udubo zuwa Azare, kafin ta gama aji uku ta san sunayen biranen Ingila, ta san riyal nawa ake biyan nas a Saudiyya, ta san kuɗin jarrabawar Turanci. Uban da ya raka ta tasha ranar farko yana cewa, "'Yar nan, ki yi karatu ki dawo ki taimaki matan garinmu," shi ne bayan shekara biyar, da mai hatsi ya yi masa sallama karo na uku, zai kira ta gefe ya ce, "Uwata, ki duba inda ake biya." Ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Baba." Ba wanda ya yi laifi a cikinsu. Mutumin da ake bi ba ya zaɓar wurin aiki, mai bin sa ne ke zaɓa masa, kuma mai bi bai taɓa zaɓar ƙaramin asibitin ƙauye ba.

A Fabrairun 2024 magatakardar hukumar jinya da ungozoma ta ƙasa na lokacin, Faruk Abubakar, ya faɗa da bakinsa cewa malaman jinya 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku, sama da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Wace masana'anta muke da ita da ke fitar da kaya waje haka? Manomin Udubo ya sayar da sansa, tsohuwa a Landan ta samu mai ba ta magani a kan lokaci. Sadaka ce mai gudana daga matalauci zuwa mawadaci, ba a kuma tambaye shi ba balle ya yi riya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin ƙasashe 55 da ta ce ƙarancin ma'aikatan lafiyarsu ya kai a daina zawarcinsu, amma wa ke buƙatar zawarci alhali Bashi na aikin dillanci kyauta? Maganin da hukumar jinya ta kawo a wannan wata na Fabrairu shi ne sharaɗin sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tantance mata takardun fita. Nas-nas suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas. An ɗaure ƙafa, ba a tambayi abin da ke korar mai ƙafar ba.

Kada a ce ba mu da magabata a wannan tafarki. Ingila ta gwada. A 2017 ta soke tallafin da take ba ɗaliban jinya ta mayar da su kan rance, a shekarar farko masu neman shiga suka ragu da kashi 23 cikin 100, a 2020 ta dawo tana ba su kyautar fam 5,000 a shekara, giɓin da ya samu kuma da 'ya'yanmu take cike shi. Ghana ta soke alawus ɗin masu koyon jinya ta nuna musu asusun rance, abin ya zama rigimar zaɓe, a 2017 aka dawo da alawus. Amurka, uwar wannan fasaha, mutum sama da miliyan 40 ke ɗauke da bashin karatu da ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi. Mu kanmu mun kafa hukumar ba ɗalibai rance a 1972 ta durƙushe saboda ba a biya, muka yi dokar bankin ilimi a 1993 bai je ko'ina ba. Ƙananan mutane ne ke koyon darasi daga faɗuwar wasu. Manya sai sun faɗa ramin da ƙafarsu, kuma su tabbatar ɗan talaka ne a ƙasa.

Maƙwabtanmu na Yobe da Jigawa ma sun taɓa yin wata wauta da ya kamata a ja musu kunne. Daga 2012 zuwa 2020, a ƙarƙashin shirin Women for Health da Birtaniya ta tallafa, wanda ya haɗa har da Kano da Katsina da Zamfara, an riƙa shiga ƙauyuka, gari ya zaɓi 'yarsa, a yi mata shekarar share fage ta gyara sakamakonta, a sa ta makarantar jinya ko ta ungozoma, a kan alƙawarin za ta dawo ta yi wa garin aiki. Har da wurin renon jarirai aka yi wa matan aure a makarantun. Su ma bashi suka ɗora wa yaran, amma irin wanda ake biya da zama a gida ana karɓar haihuwa. Ina riba a nan? Wane banki ne ya ƙaru?

Daga nan kuma bakina ba zai iya yabo ba, don akwai wadda ke biyan wannan bashi alhali ba ta ci ko kwabo ba. Ita ce matar da naƙuda ta kama da tsakar dare a wani ƙauye bayan Udubo, jini ya ɓalle ko jijjiga ta taso, aka kai ta asibitin kusa aka iske ƙofa a rufe ko ma'aikaci ɗaya da ba ungozoma ba, aka shiga neman mota zuwa Azare. Wata ta isa, wata a hanya ake juyowa da ita. Wadda ta rayu bayan doguwar naƙuda wani lokaci sai a gan ta a asibitin masu yoyon fitsari na Ningi. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce a 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, kuma kowa ya san Arewa maso Gabas na cikin inda abin ya fi muni. A Afrilun 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa cikawa ba. Wannan shi ne bashin da ya fi kowanne tsufa a maganar nan, kuma ba a cire wa kowa kashi 10 na albashi a kansa.

Mu mutane ne da addininmu bai ɗauki bashi da wasa ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kansa ta sauka. An kawo gawa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dakata da yi mata salla har sai da wani sahabi ya ɗauki nauyin abin da ake bin mamacin. Cikin mutum takwas da aka ce a ba zakka akwai wanda bashi ya danne. Al'ummar da ta san wannan bai kamata ta mayar da bashi ƙofar shiga aikin ceton rai ba. Dokar 2024 ta tanadi yafiya ga wanda ya mutu ko wata ƙaddara ta hana shi iya biya. Ta ba marar aiki damar kawo takardar rantsuwa a ɗaga masa, ta tanadi ɗaurin shekara uku ga wanda ya yi ƙarya. Amma nas ɗin da za ta yi shekara goma a asibitin ƙauye, ba wuta, ba ruwa, tana karɓar haihuwa da fitilar waya, ba a rage mata ko naira ɗaya. Sai ta mutu za a yafe mata.

Wannan abu ne da za a iya gyarawa, kuma masu iya gyara shi ba baƙinmu ba ne. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau ne, maƙwabcin Katagum. Shi ke shugabantar hukumar lafiya a matakin farko lokacin da aka fito da shirin tura ungozomomi karkara a 2009, don haka ba sai an ba shi labarin ɗakin haihuwar da ba kowa a ciki ba. Ranka ya daɗe, a kai wa majalisa gyaran doka: duk nas ko ungozomar da ta yi shekara guda a asibitin karkara a goge mata kaso na bashinta, in ta cika shekara huɗu ko biyar a goge duka. Ɗalibar da ke aiki a ɗakin marasa lafiya kuma a biya ta alawus na aikin da take yi, kyauta ba rance ba.

Gwamnatin Jihar Bauchi ta ware wa kowace gunduma gurabe, ta ɗauki nauyin yaran daga rajista har lasisi, ta ba su takardar aiki ranar da suka gama, su kuma su sa hannu za su dawo gida su yi shekarun da aka yanka. Masu aikin sa-kai da ke cike da asibitocinmu a fara da su. 'Yan majalisarmu na Udubo da Gamawa, kuɗin da ake kashewa a rabon babura da atamfa zai iya yaye ungozomomi da dama a zango ɗaya. Attajiran Azare da masu fitar da zakkar hatsi da ta dabbobi, ga masu bashi nan a ƙofar gidajenku, cikin waɗanda Allah ya ambata da kansa. Majalisar Mai Martaba Sarkin Katagum da hakimai su jagoranci asusun da kowane gari zai koyar da 'yarsa.

Ku kuma iyaye, kafin ku kai sa kasuwa ko ku jinginar da gona, ku je ku tabbatar hukumar jinya ta amince da makarantar, ku nemi a rubuta muku duk abin da za a biya daga shekarar farko har zuwa lasisi. In 'yan siyasa sun zo neman ƙuri'a, ku tambaye su ungozoma nawa ke kwana a asibitin garinku, kuma wa ya biya kuɗin karatunta.